Zan iya cire pg_trgm ba tare da na rasa sunayen manoma ba?

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu PostgreSQL, manhajar ma'ajiyar bayanai, ku taimaka mini. Ni ke riƙe da ma'ajiyar bayanan wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan wajenmu, masu noman rani da ruwan kwarin Haɗeja. A ciki akwai sunan manomi, ƙauyensa, lambar waya, girman gona, buhunan takin da ya ɗauka bashi da abin da ya biya bayan girbi. Duk suna kan tsohuwar laftof guda a ofishin ƙungiya, sola ke ɗauke da ita. Wanda ya gina manhajar ya tafi ƙaro karatu, ni na gada. Yanzu diski ya kusa cika, kuma in ana rajista wani lokaci sai ta tsaya cik kafin ta karɓi suna. Na buga `\dx` na ga ƙari (extension) biyu, pg_trgm da unaccent, aka ce mini su ne na bincike. Na gwada `DROP EXTENSION pg_trgm;` sai ta ƙi, ta ce `cannot drop extension pg_trgm because other objects depend on it`. Ya zan kashe abin nan?

Na Gumel: Wa'alaikumus salam. Ai ta faɗa maka maganin a ƙasan saƙon. Ƙara `CASCADE` a ƙarshe, shi ke nan.

Injiniya: Ɗan Auyo, kada ka buga tukuna. Tsaya.

Na Gumel: Haba Injiniya, ba ni na ƙirƙira ba fa, PostgreSQL ce da kanta ta rubuta a HINT.

Injiniya: Ta rubuta, amma ba ta ce zai yi maka daɗi ba. `CASCADE` na nufin a share ƙarin tare da duk abin da ya jingina da shi. In fihirisa ce kawai ta jingina, wato jerin da ke hanzarta nemo layi a tebur, da sauƙi, ana sake gina ta. In akwai VIEW, wato tambayar da aka ajiye ana duba ta kamar tebur, da ke kiran `similarity()` mai auna kamannin rubutu, ita ma za ta tafi, har da duk wata VIEW da aka ɗora a kanta. Wataƙila rahoton bashin taki da shugaban ƙungiya ke dubawa yana kan irin wannan. Akwai kuma waɗanda PostgreSQL ba ta ma san da su ba: tambayoyin da ke rubuce cikin manhajar, da cikin fankshan na PL/pgSQL. Waɗannan ba za ta lissafa maka su ba. Za ka cire lafiya lau, sai gobe sakatare ya rubuta suna a akwatin nema manhaja ta faɗi. Ɗan Auyo, kana da kwafin ajiya?

Ɗan Auyo: Akwai na kafin girbin damina, Yallabai.

Injiniya: Wannan ba kwafi ba ne, tarihi ne. Yi `pg_dump -Fc` yanzu ka juye a filash, ba a kan diskin da ke shirin cika ba. Sannan ka turo mana abin da `\d` ta nuna a kan teburin manoman.

Admin: Tunatarwa kafin ya turo. Tsarin tebur kawai muke so. Kada a sako hoton allo mai sunayen mutane, lambar waya ko NIN. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma ko babu doka, amanar mutanen ƙauye ce.

Baffa: Sannunku da aiki. Na ga an taɓo abin da muka sha fama da shi, bari in sa baki. Yaro, abu biyu ne kake haɗawa a matsayin ɗaya. Binciken cikakken rubutu na PostgreSQL, wato `tsvector` da `to_tsquery`, ba ƙari ba ne yanzu. A da can ƙari ne mai suna tsearch2, sai aka shigar da shi cikin uwar manhaja a siga ta 8.3, shekarar 2008. Ragowar tsearch2 ɗin ma an kwashe ta a siga ta 10. Saboda haka babu wani makunni da za ka danna ka kashe shi. In ba ka amfani da shi, ba ya cin komai. Shi kuwa pg_trgm ƙari ne na gaske, amma shi ma zamansa a ma'ajiya ba ya cin wuri, 'yan fankshan ne da alamomi. Abin da ke cin diski da lokaci shi ne fihirisar da aka gina da shi. Can za ka duba.

Ɗan Auyo: Na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. Kwafi ya kammala. Ga abin da na gani a teburin `manoma`, ban da makullin farko:

`manoma_suna_trgm` gin (suna gin_trgm_ops)
`manoma_bayani_trgm` gin (bayani gin_trgm_ops)
`manoma_bincike_idx` gin (bincike)

Kolom ɗin `bincike` nau'insa tsvector ne. Akwai kuma tiriga, wato umarni mai tashi da kansa, da ke cika shi duk lokacin da aka shigar ko aka gyara suna: `tsvector_update_trigger(bincike, 'pg_catalog.english', suna, bayani)`

'Yar Bunkure: Innalillahi. `english` a kan sunayen Hausawa?

Na Gumel: To mene ne? Harafin boko ne dai duka.

'Yar Bunkure: Ba maganar harafi ba ce, Malam. Tsarin `english` yana yanke wutsiyar kalma bisa nahawun Turanci, yana kuma zubar da kalmomin da yake ganin ba su da amfani. Ɗan Auyo, buga wannan ka faɗa mana: `SELECT to_tsvector('english','Abbas'), to_tsvector('english','Abba');`

Ɗan Auyo: Ikon Allah. Duka biyun `'abba':1` suka ba ni.

'Yar Bunkure: Ka gani. Ya ɗauka s ɗin Abbas ta jam'i ce, ya cire. Idris ma `idri` zai koma. A wurin fihirisar nan Abba da Abbas mutum ɗaya ne. Yanzu gwada wata jimla irin wadda ake rubutawa a kolom ɗin bayani, mai ɗauke da don, can, in, so, me, an, to. Duk kalmomin nan suna cikin jerin da Turanci ke zubarwa. Ba za ka same su ba ko ka nema.

Na Gumel: Su don da can wa zai nema? Wannan ba asara ba ce.

'Yar Bunkure: Na yarda ba su ne abin kuka ba. Abba da Abbas ne abin kuka, a tebur ɗin da ake rubuta wa ake bin bashin buhu nawa.

Baffa: PostgreSQL tana zuwa da tsarin harsuna da dama, har Larabci aka ƙara a siga ta 12, amma babu Hausa. Wanda zai yi binciken cikakken rubutu a kan Hausa sai ya ɗauki `simple`, wanda ke mayar da haruffa ƙanana kawai ya bar kalma yadda take. Mai ginin nan ya kwafo misali ne daga littafin koyarwa bai sauya ba. Ba laifinsa ba ne sosai, kusan duk misalan haka suke.

Injiniya: Mu koma kan nauyi. Ɗan Auyo, buga `\di+ manoma*` da `\dt+ manoma` ka gaya mana wace ce ta fi girma.

Ɗan Auyo: Ta `bayani` ce, Yallabai, nesa ba kusa ba. Ta ma fi teburin kansa. Ta suna 'yar ƙarama ce. Ya aka yi fihirisa ta fi abin da take nunawa girma?

Injiniya: Saboda yadda pg_trgm ke aiki. Yana daddatsa kowace kalma haruffa uku-uku, bayan ya ƙara fili biyu a gaba da ɗaya a baya. Buga `SELECT show_trgm('Auyo');` za ka ga guda biyar daga kalma mai harafi huɗu: fili biyu da a, fili da au, auy, uyo, sai yo da fili. Suna gajere ne, ba ya tara da yawa. Amma bayani fa? In sakatare na rubuta sakin layi guda a kan kowane manomi, ambaliya ta ci gonarsa, ya nemi a ɗaga masa biya zuwa rani, wane ne ya tsaya masa, kowace kalma a ciki sai an daddatsa ta an ajiye. Duk gyaran da aka yi wa bayanin kuma sai an sake.

Tsayawar da kake gani lokacin rajista ma ina zargin daga nan take. Fihirisar GIN, nau'in waɗannan ukun naka, ba ta shigar da sabon abu nan take, tana tara shi a jerin jira. In jerin ya kai iyakarsa, wadda take 4MB in ba a sauya ba, rajistar da ta zo a daidai lokacin ita ke ɗaukar wahalar kwashe shi duka. Shi ya sa da yawa ke wucewa sumul, ɗaya ta maƙale. A kan tsohon diski mai juyawa abin ya fi fitowa fili. Ga fihirisar GIN har uku a tebur ɗaya.

Na Gumel: To ai maganata ce ta dawo. A share duka.

Injiniya: Sai mun san wacce ake amfani da ita. `SELECT indexrelname, idx_scan FROM pg_stat_user_indexes WHERE relname='manoma';`

Ɗan Auyo: Ta bayani sifili. Ta bincike sifili. Ta suna tana da 'yan lambobi.

Baffa: Kafin ku yi murna da sifilin nan. Yaro, laftof ɗin tana mutuwa da kanta in batir ya ƙare, ko kullum ana kashe ta yadda ya kamata?

Ɗan Auyo: Batirinta ya daɗe da mutuwa, Baffa. In inbata ta ɗauke, ita ma ta ɗauke. Da hazon nan ma abin ya fi yawa, sola ba ta cika caji.

Baffa: To lissafin nan ba abin dogaro ba ne. Duk lokacin da PostgreSQL ta mutu ba shiri, in ta farfaɗo tana mayar da ƙididdigar nan sifili. Abin da kake gani na tun ɗaukewar wuta ta ƙarshe ne kawai, wataƙila jiya. Ka shiga cikin rubutun manhajar ka nemo `@@`, `to_tsquery`, `similarity`, `ILIKE` da `unaccent`. Abin da manhaja ke kira shi ne shaida.

Na Gumel: Wannan kam ban sani ba. Allah ya saka, Baffa.

'Yar Bunkure: Kafin ya dawo, bari in ba masu SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanan da ake sa wa a waya, nasu, don na san akwai masu manhajar waya a nan. Mu a wajen masu tumatir na Kadawa komai a waya yake, saboda sabis ba ya kaiwa cikin gonaki. A SQLite binciken nan FTS ne, FTS5 ya shigo a siga ta 3.9.0 a 2015. Babu `DROP EXTENSION` a can. Ana haɗa shi ne tun lokacin gina laburaren, `PRAGMA compile_options;` zai nuna maka ko yana ciki. Tarkon shi ne tsarin aiki. In ka koma laburaren da babu FTS5 alhali teburin binciken na nan a fayil, ko share shi ba za ka iya ba, sai ta ce `no such module: fts5`. Dole ka share teburin tun laburaren na da shi. Kuma tirigogin da ke ciyar da shi suna kan babban tebur ne, ba sa tafiya tare da shi. In ka bar su, duk sabon shigarwa zai faɗi da `no such table`. Sai tiriga, sai tebur, sai `VACUUM`, sannan a sauya laburare.

Na Gumel: Mu a MySQL ba wannan dogon zance. `ALTER TABLE ... DROP INDEX`, an gama.

'Yar Bunkure: An gama, sai `MATCH ... AGAINST` ɗin da ke cikin manhaja ya fara ba ka kuskure mai lamba 1191. Kuma kai ma kana da naka Abba da Abbas ɗin. Tsohon injin ajiyar MySQL, MyISAM, ba ya kula kalmar da ba ta kai harafi 4 ba in ba ka sauya ba. Ali, Isa, Ado, duk ba sa shiga fihirisa. InnoDB ne ya sauko 3.

Na Gumel: InnoDB nake, Hajiya, ki bar ni in sha iska.

Ɗan Auyo: Na dawo. Na bincika duka. Babu `@@` ko `to_tsquery` ko guda a manhajar. Kenan kolom ɗin `bincike` ana ta cika shi ne babu mai karantawa. `unaccent` ma ban ga inda aka kira shi ba. Wuri ɗaya ne ake nema, akwatin neman manomi, shi kuma `WHERE suna % $1 ORDER BY similarity(suna, $1) DESC` ne. Bayani ba a nemansa ko kaɗan, nuna shi kawai ake yi.

Injiniya: Madalla. Da ka bi `CASCADE`, da akwatin nan ne zai fara mutuwa, don `%` da `similarity` duka na pg_trgm ne. Kuma ka lura, da tirigar `english` da fihirisar `bincike` suna nan daram, tunda ba su jingina da ƙarin ba. Ka kashe mai amfani ka bar marar amfani.

Na Gumel: To ni yanzu da gaske nake, ba wasa ba. Manoma nawa ne a ƙungiyar? 'Yan dubbai ne iyaka. Tebur irin wannan ko babu fihirisa ko ɗaya, PostgreSQL za ta karance shi kafin ka ƙifta ido. A mayar da akwatin `ILIKE '%suna%'`, a cire ƙarin gaba ɗaya. Ribar ita ce ranar da laftof ɗin nan ta mutu, kuma za ta mutu, duk kwamfutar da aka samu a kasuwar Haɗeja za ta karɓi kwafin. In kwafin na ɗauke da `CREATE EXTENSION pg_trgm` kuma sabuwar ba ta da kunshin contrib da pg_trgm ke zuwa a cikinsa, sai an nemo data an sauke, a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Duk abin da ka rage, ka rage wa wanda zai gaje ka wahala.

Injiniya: Maganar gudu gaskiyarka ce, ban musa ba. Maganar contrib ma akwai ƙamshin gaskiya, ko da yake mai sakawa na Windows yana zuwa da shi, sai dai a wasu Linux ne ake raba su. Inda muka rabu shi ne `ILIKE` ba ya yafe kuskuren rubutu. In an yi wa mutum rajista da Muhammadu aka nemi Muhamadu, babu shi.

Na Gumel: Shi pg_trgm ɗin yana yafewa? Ɗan Auyo, buga `SELECT similarity('Muhammad','Mohammed');`

Ɗan Auyo: 0.2

Na Gumel: Ma'aunin `%` kuma 0.3 ne. Kenan suna mai yawa irin wannan a ƙasar nan, rubutunsa biyu, bai haɗa su ba. Ina amfanin?

Injiniya: Ka kama ni a wannan. Gutsattsari uku kacal suka yi tarayya cikin goma sha biyar. Amma gwada Muhammad da Muhammadu, ya haura 0.7. Kuma ba suna ɗaya ake nema ba, da sunan uba ake haɗawa, in na uban ya dace makin na hawa. Ma'aunin ma ana sauke shi da `pg_trgm.similarity_threshold`.

'Yar Bunkure: Ku biyun kuna ta gardama a kan mutumin da ba ku tambaya ba. Ɗan Auyo, wa ke zama gaban akwatin nan kullum?

Ɗan Auyo: Hajiya sakatariya ce, Anti. Bari in leƙa ofis bayan la'asar in tambaye ta.

Admin: Masu turo tallan data da na kwas, ba yau ba. Na goge guda biyu.

Ɗan Auyo: Na same ta. Ta ce yawanci da lambar waya take fara nema, amma rabin dattawan ba su haddace lambarsu ba, wasu kuma lambar ɗansu suka bayar, gida guda mutum huɗu lamba ɗaya. Sai ta koma suna. Ta ce abin da take so da akwatin shi ne ko ta rubuta ba daidai ba yana kawo mata na kusa, ta zaɓa da sunan ƙauye. Ta ce in na taɓa wannan in nemo mata littafin rajista na takarda in dawo mata da shi. Matsalarta biyu. Ta farko, mutum ya yi rajista da sunan da ke katinsa, Abubakar, ranar karɓar taki ya zo ya ce shi Garba ne ko Habu. Ta biyu, wayar da ake rajista da ita a ƙauyuka ba ta da ƙ da ɗ, laftof kuma tana da su, sai Ɗanladi ya zama mutum biyu.

Baffa: Ta farkon babu ƙarin da zai warware ta. Babu lissafin haruffa da zai gane Audu Abdullahi ne, Iro Ibrahim ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru ne. Wannan sai kolom na laƙabi, a tambayi mutum tun ranar rajista: da wane suna aka san ka a gari? A nema a duka biyun.

'Yar Bunkure: Ta biyun kuma ina jin don ita mai ginin ya saka unaccent, mai cire alamomin kan haruffa, bai kai ga haɗawa ba. Ni ba zan bi ta nan ba. `unaccent()` ba a yarda a gina fihirisa kai tsaye a kansa ba, don ba IMMUTABLE ba ne, wato ba a lamunce cewa sakamakonsa ba zai sauya ba, sai an yi masa dabara. Ga hanya mai sauƙi da ke cikin uwar manhaja: `lower(translate(suna, 'ƁƊƘƳɓɗƙƴ', 'BDKYbdky'))`. A yi wa abin da aka ajiye, a yi wa abin da aka rubuta a akwati, sannan a kwatanta. Sunan asali na nan da ƙugiyarsa, ba a taɓa shi ba. Na sa manyan haruffan da gangan, don in ma'ajiyar na kan tsarin C, `lower()` ba ya taɓa Ƙ. Ka kuma cire alamar 'y da `replace`, don 'Yar da Yar su haɗu.

Na Gumel: To a nan ma ai kin cire ƙari guda. Saura ɗaya.

'Yar Bunkure: Na cire wanda ba ya aiki. Amma ga abin da zai raba gardamarku. `similarity()` ba ya buƙatar fihirisa, ƙarin kawai yake buƙata. Fihirisa don gudu ce, kai kuma da bakinka ka ce teburin ƙarami ne. Kenan ana iya share fihirisar GIN duka ukun, a bar pg_trgm zaune ba ya cin komai, akwatin Hajiya ya ci gaba da aiki.

Injiniya: Ni zan bar ta suna. Ƙarama ce, kuma laftof ɗin tsohuwa ce, lissafa kamanni a kan kowane layi aiki ne ga irin wannan inji.

'Yar Bunkure: In ya koma nema ta `translate`, tsohuwar fihirisar suna ba za ta yi aiki ba ai, Injiniya, tunda a kan `suna` tsura aka gina ta. Sai dai a gina sabuwa a kan jimlar.

Injiniya: Haka ne. To ya share, ya gwada da `EXPLAIN ANALYZE`. In ya ga jinkiri ya gina sabuwar.

Ɗan Auyo: Tambaya. Maimakon share tirigar, in yi `ALTER TABLE manoma DISABLE TRIGGER` mana, ko da wata rana za a buƙata?

Baffa: A naka yanayin ba zai cutar ba tunda babu mai karanta kolom ɗin. Amma kada wani a zauren nan ya ɗauka dabara ce ta kowa. In manhaja na nema ta `tsvector` aka kashe tiriga kawai, bincike ba zai ba da kuskure ba, zai ci gaba da aiki a kan tsofaffin sunaye, sababbi kuma ba za su fito ba. Sakatare ya nemi mutum bai gan shi ba, ya sake yi masa rajista, mutum ɗaya ya karɓi taki sau biyu. Gara abin da ya faɗi kowa ya gani. Kai dai share ta, ka ajiye rubutunta a fayil. Wanda zai dawo da ita ma, daga siga ta 12 akwai kolom mai lissafa kansa, ba sai da tiriga ba.

Injiniya: Yaushe ne rabon taki na gaba?

Ɗan Auyo: Ranar Asabar za a fara, Yallabai.

Injiniya: Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ka yi gobe da hantsi rana na kan sola, ko ka bari sai an gama rabo. Ka fara maido da kwafin nan a wata ma'ajiya ta gwaji da `pg_restore`, a wata kwamfutar in diskin nan ba zai ɗauka ba, ka tabbata yana buɗuwa. Sannan a kan ta gasken, Hajiya ta rufe manhaja, ka buɗe `BEGIN;` ka share tiriga, ka share fihirisar bayani da ta bincike, ka share kolom ɗin `bincike`, ka buga `DROP EXTENSION unaccent;` ba tare da `CASCADE` ba. In ta yi ƙorafi, `ROLLBACK;` ka dawo mana da saƙon. In shiru, `COMMIT;`. Wannan alherin PostgreSQL ne, har share tebur ana iya janyewa kafin a tabbatar. Ba ka buƙatar `CONCURRENTLY`, na masu sabar da ba a iya tsayarwa ne, kuma ba ya shiga cikin `BEGIN`.

Baffa: Ƙari biyu. Wurin fihirisa yana dawowa da zarar ka tabbatar. Wurin kolom ba ya dawowa sai an sake rubuta teburin. `VACUUM FULL` na yin haka, amma sai ya gina sabon kwafi kafin ya saki tsohon, saboda haka bayan fihirisar sun tafi za ka yi shi, ba kafin ba. Na biyu, in ka ga wani babban fayil a cikin `pg_wal`, inda PostgreSQL ke ajiye tarihin sauye-sauyen da take farfaɗowa da shi, kana neman wuri, kada hannunka ya je can. Ka duba babban fayil ɗin log dai, sau da yawa shi ke cika diski a injin da babu mai kula da shi, kuma tsofaffinsa ana iya gogewa.

Na Gumel: Ni dai a rubuta cewa yawancin abubuwan da na ce a share, za a share su.

'Yar Bunkure: An rubuta. A kuma rubuta cewa umarnin da ka bayar ba zai taɓa tiriga, fihirisar `bincike` da unaccent ba.

Ɗan Auyo: Salam. Na yi yau da hantsi. Komai ya wuce ba ƙorafi, unaccent ma ya fita. Na share fihirisar suna kamar yadda Anti ta ce, na sauya tambayar akwatin zuwa ta `translate`. Hajiya ta gwada, ta ce ba ta ga bambancin gudu ba, Ɗanladi da Danladi kuma yanzu tare suke fitowa. Daga nan ne ma muka ga wasu da aka yi wa rajista sau biyu, za ta zauna da masu unguwanni a tantance kafin Asabar. Rajista ba ta tsaya ba ko sau ɗaya tun safe, amma sai an yi rabo za mu tabbatar. Maganar log ɗin Baffa ma gaskiya ce, tun ranar da aka kafa injin ba a taɓa goge ko ɗaya ba. Kolom ɗin laƙabi sai bayan rabo, don sai an sauya fom ɗin waya.

Injiniya: Ka sake yin `pg_dump` yanzu, na jiya tsohon tsari ne. Ka kuma rubuta a fayil ɗin bayanin manhajar cewa tana buƙatar pg_trgm, da dalili.

Na Gumel: Ka ajiye mai saka PostgreSQL na sigar da kake kai a filash ɗin tare da kwafin. Kuma ku gaya wa shugaban ƙungiya ya sayi batirin laftof.

Ɗan Auyo: Na faɗa masa. Ya ce sai an sayar da shinkafa.